Me Ya Sa Waya Ke Suɓuce Mana? Darasin Da Muka Koya A Bakin Kwata

 

Yau ba sanarwar taro muka zo da ita ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Wani abu ne ya same mu a ofishin sakatare, muka ga bai kamata mu bar shi a cikinmu ba, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A daminar da ta wuce, wata ranar Talata, Allah ya yi wa wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 rasuwa a asibiti, bayan jinyar sati biyu. Da yawanku kun san shi, da yawanku kuma kun sa hannu a gudummawar da aka tara masa. Labarin ya iso mana ana kiran sallar Azahar. Muka ce bari mu yi salla tukuna, sannan mu kira yayansa a gida mu sanar da shi, mu ji ko a nan za a yi masa sutura ko suna so a kai shi. Muka tsuguna da buta a bakin kwata, wayar ƙungiya tana aljihun gaba na rigarmu. Da muka zo wankin ƙafa muka sunkuya, sai ta zame, ta daki gefen siminti, ta faɗa cikin ruwan kwata tsundum. Kafin mu tsamo ta gilashin ya tsage, ruwa ya shiga, fuskar ta yi baƙi ƙirin.

Mun cire layin mun sa a wata ƙaramar waya mai madannai, kira yana shigowa, amma lambobi babu. Ashe duk a cikin ita kanta wayar aka ajiye su. Lambar yayan mamacin tana ciki. Sunayen waɗanda suka ba da gudummawa da abin da kowa ya bayar, su ma suna ciki. Tun Azahar muke neman wanda ya san gidansu, ba mu samu lambar ba sai bayan Isha'i, ta hannun wani direban babbar mota da ke kawo albasa daga yankinsu. Jana'izar da ya kamata a yi da La'asar, sai washegari da safe aka yi ta. Mahaifiyarsa ta yi wuni guda tana yi wa ɗanta addu'ar samun sauƙi, alhali ya riga ya cika.

A taron da ya biyo baya dole muka miƙe gaban dattawa muka roƙi kowa ya faɗi abin da ya bayar. Waɗanda suka yi tiransfa, banki ya nuna nasu. Waɗanda suka ba da kuɗi a hannu kuwa, sai abin da kowa ya tuna. Aka haɗa lissafi ya ƙi dacewa da abin da ke hannun ma'aji da 'yan dubbai. Babu wanda ya zarge mu, Allah ya saka muku da alheri, amma duk wanda ya taɓa riƙe amanar jama'a ya san yadda irin wannan rana take.

Wani dattijo ya ce mana, "Malam Sakatare, ka kwantar da hankalinka, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Sai na kusa da shi ya ce, "Gaskiya ne Alhaji, tsautsayi ne. Amma wa ya sa ta a aljihun gaba ya je alwala?" Aka yi dariya, mu ma muka yi. Sai dai maganar ta tsaya mana a rai, domin duk su biyun gaskiya suka faɗa.

A nan take muka roƙi kowa ya ɗaga wayarsa sama. Fiye da rabin waɗanda ke ɗakin, gilashinsu a tsage yake. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna tambayar yadda ta faɗi. Wannan ya ce yana saukowa daga danfo. Wancan ya ce ya miƙe daga benci ya manta tana kan cinyarsa. Wani yana ciro ta daga aljihu da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana karɓar canji. Wata 'yar'uwa ta ce tana gyara goyo, wata kuma tana juya miya ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, da ƙyar aka samu mutum ɗaya da ya ce ta faɗi yana zaune yana kallonta. Kusan kowa, ta suɓuce masa ne a daidai lokacin da yake barin wani aiki zai shiga wani: tashi, zama, sunkuyawa, hawa, sauka, cirowa ko mayarwa. Hankali ya riga ya tafi ga abu na gaba, an bar hannu shi kaɗai da waya.

Daga nan muka fara bin abin a tsanake, kuma ga abin da muka fahimta.

Abu na farko, wayar ta girmi hannunmu. Waɗanda suka yi wayo lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 za su tuna Nokia 3310. Tsawonta bai kai santimita 12 ba, nauyinta giram 133, jikinta roba ne, tafin hannu yana rufe ta ruf. Idan ta faɗi, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, ka tattara ka haɗa ta ci gaba da aiki. Ko iPhone ta farko da ta fito a 2007, fuskarta inci 3.5 ce kawai. Yau kuwa yawancin Tecno da Infinix da Samsung da ke hannunmu fuskarsu ta kai inci 6.5 ko fiye, nauyinsu kusan giram 200. Waya ta yi tsawo ta yi faɗi, hannun ɗan Adam yana nan yadda Allah ya halicce shi.

Ku gwada yanzu da kuke karanta wannan. Ku riƙe wayar da hannu ɗaya, ku yi ƙoƙarin taɓa kusurwar sama ta can gefe da babban yatsa. Za ku ga dole ku sassauta riƙo, ku ɗan tura ta ta zame a tafin hannu, sannan yatsan ya kai. A wannan ɗan lokacin ba riƙe take ba, ɗore take kawai a kan yatsu, ƙaramin yatsa ne ya tokare ta daga ƙasa. Ga shi kuma fiye da rabin jikinta yana sama da inda aka riƙe. Idan a daidai nan wani ya goge ku a tasha, ko keke ya faɗa rami, shi ke nan. Muna yin wannan sassautawar sau da yawa a wuni ba tare da mun sani ba. Abin mamaki ba faɗuwarta ba ne, abin mamaki shi ne da ba kullum take faɗuwa ba.

Abu na biyu, santsi. Masu ƙera waya suna son ta yi sheƙi ta yi kyau a shago, shi ya sa bayanta ya koma gilashi ko roba mai ƙyalli, gefenta kuma a goge sumul. Gilashin gaba ma ana shafa masa wani sinadari da ke hana maiƙon yatsa kamawa, don yatsa ya riƙa tafiya da sauƙi. Abin da ke sa yatsa ya zame a kai, shi ne ke sa ita ma ta zame daga hannu. Fatar hannu kuwa ta fi kama abu idan tana da ɗan danshi kaɗan. Idan ta jiƙe sosai riƙo ya lalace, idan ta bushe ƙayau ma haka. Mu nan Legas gumi ba ya barinmu, ga ruwan sama, ga alwala sau biyar. Sai ku ƙara da sana'o'inmu: mahauci a mayankar Oko-Oba da kitse a hannu, mai suya da mai da ƙuli, mai tumatir da attaruhu, mai shayi da bota, uwargida da kumfar wanke-wanke. Waya ta yi ƙara, kowa sai ya kai hannu a yadda yake. Idan kuma muka je gida lokacin hunturu, hannu ya bushe, a shafa mai, wata sabuwar matsalar ke nan.

Abu na uku shi ne wanda ya kama mu, wato tufafinmu. Telolinmu sun gaji yankan aljihu ne tun zamanin da abin da ake sakawa bai wuce carbi da goro da 'yan kuɗi ba. Aljihun gaba na kaftani bai da zurfi, babbar waya rabinta a waje take. Muddin mutum yana tsaye lafiya lau, amma da ya sunkuya wankin ƙafa, ko ruku'u, ko ɗaukar kaya, bakin aljihun ya kalli ƙasa. Aljihun gefe kuma a tsaye bakinsa yake. Idan ka zauna a kujerar danfo gwiwa ta yi sama, sai ya kwanta ya buɗe, waya ta silale ba ka ji ba, musamman idan shadda ce mai sheƙi. Akwai kuma tsagar da ake bari a gefen wasu riguna don hannu ya kai ga aljihun wando. Mutane uku a taron nan suka ce sun zura waya a wannan tsagar suna zaton aljihu ne, suka sake ta, sai ƙararta suka ji a ƙasa. Mai babbar riga da mai hijabi kuma, idan suka ɗora waya a cinya sai ta ɓace a cikin yadi, ba a ganinta, ba a jin nauyinta. Ana miƙewa sai ta yi tsalle.

Abu na huɗu, hankali biyu. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Hannu yana matse abu ne gwargwadon yadda hankali ke tare da shi. Kana magana a waya, kwandasta yana ihun a sauko, kana lalubar canji, kana duba ko babur na zuwa ta baya, a cikin waɗannan duka riƙon waya ne ƙarshen abin da za ka tuna. Haka idan aka firgita mutum, ko ya yi tuntuɓe, hannu yakan buɗe da kansa don ya tare jiki. Gajiya da barci ma suna sassauta yatsu. Wa ye a cikinmu waya ba ta taɓa faɗo masa a fuska ba yana kwance da dare yana duba WhatsApp?

Akwai kuma faɗuwar da babu hannun kowa a lokacin. A ajiye waya a bakin teburi ko kan firij, kira ya shigo ta yi ta girgiza tana matsawa har ta faɗo. A sa ta caji a shago ko a masallaci, igiyar caja ta ratsa hanya, wani ya zo wucewa ya ja ta da ƙafa. A ba yaro ya yi shiru, ya gaji ya yi jifa da ita. Waɗannan ma idan aka duba, tun wajen ajiyewa aka yi kuskuren.

Wani zai ce, ai idan ta suɓuce sai a cafe. Ba a cika samu ba. Abin da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, wato kamar daga ƙugun mutum, bai kai rabin sakan ba yake isa ƙasa, kuma yana isa da gudun kusan kilomita 16 a awa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta ba hannu umarni, kusan rabin wannan lokacin ya tafi. Sau da yawa ma garin cafewar ne ake doke ta ta yi nisa ta fi jin ciwo.

Da muka kai tamu wajen gyara a Computer Village da ke Ikeja, mai gyaran ya yi mana bayanin da ya kamata kowa ya ji. Ya ce gilashin waya yana da ƙarfi idan ta faɗi a kwance a wuri mai laushi, amma idan ta sauka da kusurwa a kan siminti ko tayil, duk ƙarfin bugun a ɗan wuri guda yake taruwa. Ya ce kuma 'yan ƙananan ƙarce da ba ma kula da su, waɗanda yashi ke yi a cikin aljihu, daga nan tsagewa ke farawa, domin yashi ya fi gilashi tauri. Shi ya sa waya takan faɗi sau biyar ba ta yi komai ba, a na shida daga kan kujera kawai ta tarwatse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka ruwa ya samu hanya a tamu.

Ya kuma yi mana faɗa a kan kurakurai biyu da muka yi. Na ɗaya, da muka tsamo ta mun yi ta danna ta muna son ta kunnu, har muka gwada sa ta caji. Ruwa da wuta idan suka haɗu a ciki, ƙona kayan suke yi. Abin da ya dace shi ne a kashe ta, a cire layi, a goge ta, a bar ta a inda iska ke kaɗawa, a kai ta wajen gyara da wuri. Na biyu, mun tura ta cikin buhun shinkafa kamar yadda kowa ke cewa. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ya shige ciki, sai ma ƙura da ɓurɓushi su toshe wajen caji. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone su daina yin haka. Wayoyin da aka rubuta musu IP67 an gwada su a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, amma a ruwa mai tsabta, suna sababbi. Yawancin masu sauƙin kuɗi da muke riƙewa ba su da wannan kariyar.

To me ya sa muka ɓata lokacinku a kan faɗuwar waya? Domin waya a hannun Bahaushen da ke zaman kudu ba kayan ado ba ce. Ita ce igiyar da ta haɗa shi da gida. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai shayi da mai gyaran takalmi ma da tiransfa suke karɓar kuɗi. Bashin abokan ciniki yana ciki, lissafin adashe yana ciki, lambar dillali da ta direba suna ciki, hotunan iyayen da suka rasu da muryoyinsu suna ciki. A da idan littafin bashi ya faɗi ƙasa, kaɗe shi ake yi a ci gaba. Yanzu mun tattara dukiya da zumunci da amana mun zuba a cikin gilashi mai santsi, muna yawo da shi da hannu ɗaya a tsakiyar Oshodi. Canjin fuska kaɗai a wasu wayoyin yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin sabuwa, kuma wannan shi ne ƙaramar asarar.

Ba mu ce a daina cewa ƙaddara ba. Mun yi imani da ita. Amma malamanmu kullum suna tuna mana cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Ga abin da muka ɗauka wa kanmu, muna kuma ba ku shawara a kai.

Kafin mu tashi, ko mu sunkuya, ko mu sauka daga mota, sai mu tambayi kanmu ina waya. Sakan ɗaya ne, kuma a nan ne yawancin faɗuwar take. Idan za mu yi alwala ko mu shiga bayi, mu mayar da ita aljihun wando mai zurfi ko cikin jaka. Idan za mu ba tela ɗinki, mu ce ya zurfafa aljihu, ya sa zif ko maɓalli a ɗaya. Mu saya mata riga ta roba mai kaushi, wadda kusurwoyinta ke da kauri, gefenta ya ɗan ɗara gilashin tsayi, mu kuma manna gilashin kariya. Rigar da ta fi wayar santsi ba ta da amfani komai kyanta. Idan za mu yi rubutu, hannu biyu. Idan hannu na da maiƙo ko ruwa, kiran ya jira, wanda ke nemanmu zai sake kira. Kada mu ciro ta a kan babur, ko a bakin ƙofar danfo, ko muna tsallaka titi, domin a can ba waya kaɗai ke faɗuwa ba.

Sai babban darasin, wanda ya fi duk waɗannan. Kome kiyayewarmu, wata rana za ta faɗi. Saboda haka kada mu bari abin da ke cikinta ya zama a cikinta kaɗai yake. A ajiye lambobi a asusun Google, ba a cikin wayar ba, a kunna ajiyar WhatsApp, a rubuta adireshin imel da kalmar sirri a takarda a adana a gida. Wanda bai iya ba, ya zo ofis bayan La'asar, matasanmu za su yi masa kyauta. Lambobi biyar ko goma da suka fi muhimmanci kuma a rubuta su a ƙaramin littafi, kamar yadda iyayenmu ke yi.

A ɓangaren ƙungiya, shugabanni sun amince da abu biyu. Daga yanzu duk gudummawa sai an shigar da ita a babban littafi a ranar da aka karɓa, sakatare da ma'aji su sa hannu. Sannan muna roƙon kowane ɗan ƙungiya, namiji da mace, ya zo taro na gaba da lambobin mutum biyu na gida waɗanda za a kira idan wani abu ya same shi, da sunan garinsu da unguwarsu. Za a rubuta a littafi, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a wajen shugaba. Ba fata muke yi ba, amma dukkanmu baƙi ne a nan, kuma ba ma so wata uwa ta sake kwana ba ta san halin da ɗanta ke ciki ba saboda waya ta faɗa kwata.

Muna sake neman afuwar iyalan ɗan'uwanmu da dukkan waɗanda suka ba da gudummawa. Allah ya jiƙansa da rahama, ya kyautata namu zuwan. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.

Wassalam.
Daga ofishin Sakatare.